Zango Nawa Ya Rage?

Akwai wani ɗalibi a wannan sashe wanda duk lokacin da ya je gida hutu, kafin ma ya kwance kayansa, sai kakansa ya aika a kira shi zaure, ya yi masa tambaya guda ɗaya: "Kai ja'iri, zango nawa ya rage?" Shi wannan tsoho bai taɓa shiga aji ba, amma mahaifinsa bafatake ne, ya sha bin ayari zuwa Gwanja sayen goro. Saboda haka ran da jikan nan nasa ya gaya masa cewa karatun digiri shekara 4 ne, kowace shekara kuma zango 2, nan take ya gane. Ya nemo ƙwallon dabino 8 ya zuba a wata 'yar jaka ta fata. In aka gama zango, sai ya fitar da guda ya jefar. Awakinsa kuwa, da su ake biyan kuɗin makaranta.

Abin mamaki shi ne, a cikin jami'a ɗalibin ba ya faɗin wannan kalma sai a takardar jarrabawa. A ɗakin kwana da wurin cin abinci, abin da ake ji shi ne samista ta farko da samista ta biyu. Shekarar karatu ta zama sashon, aji ya zama lebul, wanda ya faɗi darasi kuma a ce yana da kari-oba. Wanda ya ce "zangon farko" a tsakanin abokansa, sai a yi masa dariya a ce ya zama mai karanta labarai a rediyo.

Ba laifi ba ne harshe ya yi aro, domin Hausa ta ari littafi da alƙalami daga Larabci, ta ari fensir da tebur daga Turanci, ba ta kuwa ragu da kome ba. Amma yana da kyau a san abin da aka aro. Samista asalinta daga Latin ne, ma'anarta wata 6, alhali kuwa wadda ake yi a jami'a da ƙyar take wuce wata 4. Tsarin ma bai daɗe ƙwarai a nan ba. Jami'o'in farko, kamar ta Ibadan da aka buɗe a 1948 da ta Zariya a 1962, sun tashi ne a kan tsarin Ingila, inda ake raba shekara kashi 3, irin wanda makarantun firamare da sakandare suke bi. Daga baya ne aka koma tsarin kashi 2 irin na Amurka. A wasu jami'o'in kuma, kamar ta Ife da ta Ilori, an raɗa wa kashin biyun sunan yanayi, ɗaya na hunturu ɗaya na damina.

Zango kuwa ɗan gida ne. A wurin fatake, shi ne inda ayari yake sauka a sauke wa jakuna kaya, a ɗora tukunya, a kwana. Tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki ita ma zango ake ce mata. Daga nan ne garuruwa irin su Zangon Daura da Zangon Katab suka sami sunansu, haka nan unguwannin baƙi da ake kira zango a Kumasi da Ankara. Watau kalmar tana ɗauke da tafiya da hutawa gaba ɗaya, tana kuma nuna cewa akwai sauran hanya a gaba. Wanda ya fara ɗora ta a kan karatu ya yi hikima, domin ɗalibi matafiyi ne, malamansa su ne madugai, jarrabawa kuwa kogin da ake ƙetarewa kafin a sauka.

Ɗalibin nan bai ga bambancin kalmomin biyu sosai ba sai a 2022. A ranar 14 ga Fabrairu malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Ya koma ƙauye da bazara, ya yi sharar gona, aka yi shuka da shi, aka yi noman fari da maimai, har aka yanke gero yana gida. A jakar tsoho kuwa ƙwallo 6 suna nan yadda suke. Wata rana da dare ya yi ƙoƙarin yi wa kakan bayani, ya ce samista ce aka dakatar. Tsoho ya ce shi bai san wannan ba. Sai ɗalibin ya ce, "Kaka, ayari ne ya tsaya a tsakiyar zango." Tsoho ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, wannan mugun wuri ne. Ba a gida ba, ba a masauki ba, guzuri kuma yana ƙarewa." Ya ƙara da cewa mahaifinsa ya sha ba shi labarin yadda kogi kan cika ya tsare ayari kwana da kwanaki, amma bai taɓa jin ayarin da ya juya don haka ba.

A lokacin nan ɗalibin ya riga ya fara tunanin barin karatu, ya bi wani ɗan'uwansa kasuwa. Maganar nan ce ta tsayar da shi. Da aka buɗe makaranta ya dawo, ya tarar lissafin shekara ya rikice, har inda ake da zangon damina an yi shi cikin ƙurar hunturu. Samista ba ta cika wata shidanta ba, sunan yanayi bai dace da yanayinsa ba, amma zango bai yi ƙarya ba, domin shi bai yi wa kowa alkawarin kwanaki ba.

Saboda haka ya kamata ɗaliban Hausa, su da za su zama malamai da masu fassara gobe, su daina jin kunyar cewa zangon farko da zango na biyu, da shekarar karatu, da dogon hutu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Yanzu ƙwallo 1 ya rage a jakar tsoho, akuya kuma 2 a turke. Allah ya sa a sauka lafiya.