Turmi Uku a Gindin Akwati

A wani gari da ke kudu da Maradi, ba nisa da iyakar Nijeriya, akwai wata mace mai shekara 48. Ta haifi ƴaƴa bakwai, biyar suna da rai. Sana'arta matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, kuma a zumuntar mata ita ce mai riƙe da kuɗin baiko. Ba za a faɗi sunanta ba, gama abin da ya same ta ya sami mata da yawa, kowace kuwa tana iya sa nata sunan a wurin.

An yi aurenta a shekara ta 1994. Tsofaffi ba su manta da wannan shekara ba, domin a watan Janairunta ne aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa, wanda dā ake canzawa da sefa 50, ya koma sefa 100, sai kayan da ake kawowa daga waje suka yi tsada ƙwarai. Allah ya sa angon ya riga ya haɗa kayan aure kafin wannan rana, a ciki har da atamfa ƴar Holan turmi uku. Sa'ad da za a kai amarya, uwarta ta ja ta gefe ta ce, "Ɗiyata, irin wannan zane ba zai sāke shiga hannun talaka ba. Kada ki yanka shi sai babbar rana." Ta ji maganar uwarta. Ta shimfiɗa turmi ukun a gindin akwati, ta rufe.

Babbar ranar ba ta zo ba. Haihuwa ta bi haihuwa, kuɗin lakwal ya bi kuɗin magani. In an sami abin ɗinki a lokacin Kirsimati, na yara ne. Zanen da take ɗaurawa a gaban murhu shi ne na zuwa kasuwa, ankon zumunta kuwa shi ne na sujada, shi ne na biki, shi ne na jana'iza. Kitso sai ya yi wata biyu ba a tsefe ba. Dugaduganta suka yi faso, hannuwanta suka yi kaushi saboda toka da sabulu. Ba ta ga laifi a cikin wannan ba. Ta ma ɗauka wani irin ibada ne, gama tun tana yarinya ta ji ana karanta wasiƙar Bitrus ta fari, inda aka yi maganar kitso da zinariya da tufafi, ta fahimta cewa mace mai tsoron Allah ba ta da ruwa da madubi.

Wata rana wani baƙo ya sauka a gidansu. Ta kawo masa ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma madafa. Tana jin baƙon yana ce wa mijinta, "Kai, ka yi sa'a. Ashe Inna tana nan da sauran ƙarfinta." Mijin ya yi dariya ya ce, "A'a, ai uwargida ce." Baƙon ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Mijin nan kuwa ya girme ta da shekara shida.

Ba ta ce kome ba. Amma da dare ta ɗauki madubin ɗiyarta, ta haska fitila, ta daɗe tana duban fuskarta. Ta ga furfura a gefen kai, ta ga tamoji a goshi, ta ga gashin gabanta ya ja baya. Abin da ya fi yi mata zafi shi ne dariyar maigida, fiye da maganar baƙon.

Ta kai kukanta wurin wata maƙwabciya, wadda tsararta ce amma kullum fuskarta tana sheƙi. Ita kuwa ta ce, "Ke ce kika bar kanki. Akwai mai, jika biyu kaɗai, cikin mako uku ba za ki gane kanki ba." Ranar kasuwa suka tafi tare. Mai tebur ya haɗa mata mai iri biyu da wani ruwa a ƙaramar kwalba, ya ce ta gauraya ta shafa safe da dare. Kwalbar ba ta da ko rubutu.

Da fari abin ya yi kamar gaskiya. Fuskarta ta yi haske, mata suna cewa, "Wace ni'ima ce ta sauko miki?" Ta yi murna. Amma da bazara ta shigo, rana ta fara ƙona ta yadda ba ta taɓa yi ba. In ta tsaya a gaban kaskon tuya, sai fuskarta ta yi ja kamar an zuba mata barkono. Gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi ƙirin alhali bayan hannun ya yi fari. Ƙuraje suka fito, nankarwa ta keto a damatsanta, sa'an nan wani tabo mai duhu ya bayyana a kan kumatunta biyu. In ta bar man kwana uku, sai ƙaiƙayi ya hana ta barci, dole ta koma. Da mai mai zafi ya fallatso mata a ƙafa, ƙunar da dā takan warke cikin mako ta yi wata biyu tana ruwa. Garin neman gira za a rasa ido.

Wannan ƙuna ce ta kai ta asibiti. Ma'aikaciyar lafiya ta dubi ƙafar, ta dubi fuskar, ta ce, "Mama, me kike shafawa?" Ta so ta yi musu, amma yatsunta sun riga sun ba da shaida. Sai aka zaunar da ita aka yi mata bayani, bayanin da ya kamata kowace mace ta ji.

Baƙin da ke cikin fatar mutum kariya ce, shi ne yake tare zafin rana. Mayukan canza launi yawanci suna ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa uku. Na fari sunansa haidirokinon, yana hana fata yin baƙinta, amma in an daɗe ana shafa shi yakan bar tabo mai duhu wanda yake da wuyar fita. Na biyu magani ne mai ƙarfi da ake kira kotizon, wanda likitoci suke bayarwa na ƴan kwanaki domin wasu cututtukan fata. In aka mai da shi man shafawa, yana sa fata ta yi siriri, ta tsage, rauni ya ƙi warkewa, har yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Na uku zaiba ce, wadda take ratsa fata ta shiga jini, ta ɓata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma cuci jaririn da ke ciki ko wanda ake shayarwa. Saboda haka ne ƙasar Kodebuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayuka a 2015, Gana kuma ta hana mayukan da ke da haidirokinon a 2016. Tun a 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata domin rage amfani da zaiba, har da wadda ake sawa a sabulu da man shafawa. Amma doka tana kan takarda, kwalabe kuwa suna kan tebur a kasuwa.

An kuma faɗa mata wani abin da ba wanda ya taɓa faɗa mata. Yawancin mata sukan daina ganin al'ada tsakanin shekara 45 da 55. A wannan lokaci fata takan bushe, gashi yakan rage, zafi yakan taso wa mace da dare. Wannan ba cuta ba ce, ba kuma alamar cewa ta ƙare ba ce. Jiki ne ya shiga wani zamani, yana bukatar kulawa irin ta wannan zamani. Aka gwada jininta, aka nuna mata yadda za ta rabu da man a hankali, gama mai kotizon ba a yanke shi rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba.

Ta dawo gida da niyyar zubar da kwalaben. Da ta ɗauko su, sai ta ga sun ragu fiye da yadda ta bari. Ta kira autarta, yarinya mai shekara 16, ta kama hannunta ta duba. Gaɓoɓin yatsun yarinyar sun fara yin duhu. Ta ce, "Wa ya sa ki?" Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, na ga kowa yana yabonki." A nan ne matar ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar baƙon. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shekara da shekaru ta nuna wa ɗiyarta cewa uwa ba ta da damar gyara kanta, sa'an nan cikin wata shida ta nuna mata cewa fatar da aka haife ta da ita abin gudu ce.

Akwai wata tsohuwa a ikilisiya, gwauruwa, wadda ta haura shekara 70, amma ba a taɓa ganinta da kallabi a yamutse ba. Wurinta matar ta tafi, ta faɗi kome, ta ce, "Gwaggo, na yi alkawari ba zan ƙara duban madubi ba." Tsohuwar ta ce, "To, kin fita daga rami ɗaya za ki koma wanda kika fito dā. Ɗiyata, manzon bai ce a zauna da dauɗa ba. Cewa ya yi kada darajarki ta tsaya a kan abin da kika ɗaura. In an ba ki aron tukunya, kina wanke ta ko kina barinta da ƙanzo? Kina kuma kankare ta har ta huje domin ta yi kama da tasa? Jikin nan aro ne. Ki wanke, ki shafa masa mai, ki mayar wa mai shi da mutunci."

Daga nan ta fara, kaɗan kaɗan, da abin da ke kusa. Ta koma ga man kaɗanya, wanda kakarta take shafawa, tana shafa shi bayan wanka tun jiki yana da damshi, musamman da hunturu. Da dare takan jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi, ta goge kaushi da dutse, ta shafa mai, ta kuma daina yawo a tsakar gida ba takalmi. In za ta kasuwa da tsakar rana, takan yafa mayafi ya inuwantar da fuskarta, domin rana tana ƙara wa tabon duhu.

Ta je wurin makitsiya ta ce a daina ja mata gashin goshi. Kitso mai tsauri, in an daɗe ana yinsa, shi ne yake cinye gashin gaba, wani lokaci ba ya sāke tsirowa. Yanzu manyan kitso take yi, sassauƙa, kowane mako biyu. Furfurar kuwa ta bar ta. Lalle ta koma ga na ganye, wanda ake dakawa a ƙunsa ya yi ja, ta bar baƙin nan na kanti da ake haɗawa da rinin gashi, gama yana ƙona fatar wasu. Kwalli ma ta yi hankali da shi bayan ta ji cewa na dutse yakan ƙunshi dalma, ta kuma hana a sa wa jikokinta.

Akwai wani abu da ba ta taɓa lissafa shi cikin kayan ado ba. Ta yi shekara uku ba ta iya zura zare a allura, littafin waƙoƙi kuwa sai ta miƙa shi nesa kafin ta ga baƙaƙen. Wannan yakan sami kusan kowa bayan shekara 40. Aka gwada idonta aka ba ta tabarau. Ta daina tsuke fuska, ta koma karanta lissafin baiko da kanta a gaban mata.

Sa'an nan wata safiya ta buɗe akwatin. Shekara talatin turmi ukun suna kwance. Na ƙasa ya lalace a kan ninki, asu kuma ya taɓa gefensa. Ta riƙe shi ta ce, "Ga abin da jira ya yi." Ta kai sauran biyun wurin tela. Tela ya so ya yi mata irin ɗinkin ƴanmata, ta ce, "A'a. Ka auna ni yadda nake yau, ka yi mini riga da zan iya durƙusawa da ita, in kuma ɗaga hannu." Turmi na biyun ta raba, ita da autarta.

Maigida ma yana da nasa rabo a cikin wannan labari. Ranar da ta sa sabon ɗinkin, ya dube ta ya yi shiru. Da dare ya ce, "Dariyar nan da na yi ranar baƙo, ki gafarce ni. Shekara nawa ban tambaye ki ko kina da zane ba." Tun daga lokacin, in ya sayar da amfanin gona yakan ware nata kafin a shiga sauran lissafi. Maza masu karanta wannan su lura. Mace da yawa ba ta bar kanta ba sai da ta ga ba mai dubanta, ba ta kuma nemi kwalbar kasuwa ba sai da wata magana ta soke ta a gida.

Tabon kumatunta bai tafi duka ba, mai yiwuwa kuma ba zai tafi ba. Ba ta ɓoye shi. In ta ga yarinya ta fara haske ba dalili, takan kira ta gefe, ta nuna mata tabon, ta faɗa mata farashinsa: jika biyu. Ƴan zumunta da yawa sun kawo nasu kwalaben an zubar a masai. Wasu kuma har yanzu suna shafawa a ɓoye, ba ta kuwa daina yi musu magana ba.

Ran Lahadi takan fito da atamfarta ta 1994, da tabarau, da furfura tana leƙowa a ƙarƙashin kallabi. Ba wanda zai ce mata yarinya, ita ma ba ta nema. Akwatin kuwa yanzu takardun lakwal na yara ne a gindinsa.