Gadali Da Gatarin Kurege A Gindin Dutsen Zuma

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja, in ya wuce Tafa da Sabon Wuse da mahaɗar Dikko, ba ya jimawa sai ya hangi Dutsen Zuma ya tokare sama kusa da Madalla. Kafin ya kai gare shi akwai hanyar da ta ratse ta shiga Suleja, garin da ke kwance a bakin kogin Iku, duwatsu suna kewaye da shi. Sunansa na asali Abuja, kuma Abu Ja ne ya kafa shi cikin 1828, bayan da Haɓen Zazzau suka baro Zariya a zamanin jihadi. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓi wannan yanki don gina sabon babban birnin tarayya cikin 1976, sai aka ba birnin sunan Abuja, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

Ba suna kaɗai Suleja ta bayar ba. Tun da gwamnati ta tare a Abuja cikin 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin hayar birni ya fi ƙarfinsu suka yi ta kwararowa nan, gonaki da fadamu suka zama filotai. Cikin abubuwan da gine-gine ke dannewa ba tare da kowa ya yi kukansu ba har da furannin daji guda biyu, waɗanda mutanen ƙasar nan suka sani tun kaka da kakanni, watau gadali da gatarin kurege. Abin mamaki kuwa, a daidai wannan lokaci ne kasuwar furanni ta buɗe a Abuja, inda masu renon dashe suka jera kayansu a gefen tituna, masu gidaje da otal-otal suna saye.

Furen da Turawa ke kira lili, wanda ake gani a hotuna da wuraren biki, asalinsa na ƙasashen sanyi ne, kamar Sin da Japan da Turai, kuma manoman Holan sun shahara wajen cinikinsa. Yawancin ire-irensa sai sun sha sanyin hunturu kafin su yi fure, saboda haka wanda ya kawo su Suleja wahala kawai zai saya. Amma Turawan da kansu sunan lili suke ba waɗannan furanni namu, ko da yake masana sun ce danginsu daban ne. Gadali, wanda ake kiran wani irinsa albasar kwaɗi, yakan fito a fadama da farkon damina, furensa fari da jan zane a tsakiya, kuma Hausawa sun fi saninsa a hannun masu magani. Gatarin kurege kuwa, ko baurera, yaɗo yake yi, yana kama ciyawa da tsinin ganyensa, furensa ja da rawaya sai ka ce harshen wuta. Shi ne ma furen da ƙasar Zimbabuwe ta ɗauka ya zama alamarta.

Hanya mafi sauƙi ga mai son su ita ce ya shiga daji da fartanya ya tono. To, amma duk wanda aka tono ya bar wurin ke nan har abada, kuma in yana da cuta da ita zai zo lambu. Shuka daga iri ta fi wuya, sai dai ita ce ba ta rage wa daji kome, kuma galibi tsiron yakan fito ba tare da cutar uwarsa ba.

Irin gadali babba ne, mai tsoka da ruwa a jiki, ba ya jure ajiya. Da zarar ya nuna ya faɗi sai a shuka shi, ba a shanya shi kamar dawa. Akan ɗora shi bisa yashi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, a danna rabinsa kawai cikin ƙasa. Irin gatarin kurege kuwa ƙanana ne jajaye, suna cikin kwanso mai tsagewa in ya bushe. Akan jiƙa su kwana guda, a murje jar fatar, a shuka su sama-sama. Wani ya tsiro cikin 'yan makonni, wani sai ya yi watanni. Dukansu biyu sai mutum ya yi shekara uku ko huɗu yana reno kafin ya ga fure. Lalle mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

A nan Suleja take da wata falala. Gari ne na tukwane, domin matan Gbagyi sun gaji ginin tukunya, kuma a nan ne wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya zaɓa cikin 1951 don kafa makarantar koyon aikin yumɓu, inda Ladi Kwali ta shiga cikin 1954 har ta yi suna a duniya, ga hotonta nan a takardar naira 20. Kaskon yumɓu da aka huda gindinsa ya fi leda amfani ga tsiro, don yana sanyaya saiwa, yana kuma tsotse ruwan da ya yi yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da damina ke kamawa tun daga Afrilu har Oktoba, gama ruwa in ya kwanta, tsiro yakan ruɓe daga gindi ya kife cikin kwana ɗaya ko biyu.

Shekarun renon nan kuwa shekarun yaƙi ne, kowane lokaci da abokin gabansa. Da damina, katantanwa da gyare su ne ke fitowa da dare su datse tsiro. Maganinsu a ɗora kasake bisa benci ko dakali, a kewaya da fitila bayan isha'i a tsince su. Toka tana taimakawa, amma da ruwa ya taɓa ta amfaninta ya ƙare. Babbar abokiyar gaban gadali ita ce wata baƙar tsutsa mai ɗigo-ɗigon rawaya, 'yar wani malam-buɗe-littafi na dare. Uwar takan zuba ƙwai a bayan ganye, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su shige cikin tsokar ganyen, su yi ta ci suna gangarawa har su kai ga albasar. In sun shige ciki feshi ba ya samunsu sosai. Don haka dole a riƙa juya ganye kowace safiya, a murƙushe ƙwan, ganyen da aka ga ya yi shara-shara kuwa a yanke shi a ƙone.

Da damina ta ɗauke sai ga farar nan mai launi-launi mai wari, wadda manoman rogo suka sani. 'Ya'yanta sukan taru cunkus a kan ciyawa, kuma da sanyin safiya, kafin jikinsu ya saki, ake iya kakkaɓe su cikin bokitin ruwan sabulu. 'Ya'yan darbejiya ma makami ne: a daka kamar giram 50, a jiƙa cikin lita guda ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Sai an maimaita kowane mako, don rana na kashe ƙarfinsa. Kaji da awaki kuwa, ba su da magani sai shinge.

Akwai gargaɗi guda wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Tsirran nan biyu duk suna da guba, musamman gatarin kurege, wanda saiwarsa ke kama da ƙaramar doya, kuma ta sha kashe waɗanda suka ci ta bisa kuskure. Wajibi ne a nisanta su daga yara da dabbobi, a kuma wanke hannu bayan an taɓa su.

To, ga kasuwa a bakin ƙofa, ga yumɓu, ga ruwa, ga iri kyauta a sauran fadamun da gini bai kai gare su ba tukuna. Abin da ya rage shi ne samarin da za su yarda su jira shekara uku, da makarantun da za su ware ɗan fili a bayan aji don yara su koyi renon. Idan aka tara irin bana, za a ga furensa. Idan aka bari sai baɗi, mai yiwuwa a tarar an riga an zuba harsashin gini a wurin.