Ƙofar Tankin Motata

Motata tsohuwar Toyota Corolla ce, na saye ta hannu na uku da kuɗin adashin malaman makarantarmu. A gefenta na hagu, wajen baya, akwai wata 'yar ƙofa da ba ta fi tafin hannu ba, wadda take rufe bakin tankin mai. Shekara shida ina tuƙa motar ban taɓa tsayawa na dube ta ba.

Ga yadda take aiki, domin masu karatu da ba su lura ba. A ƙasa kusa da kujerar direba akwai ɗan maɗauki. In ka ja shi, sai wata siririyar waya da ta bi ta cikin jikin mota ta janye ɗan ƙarfen da ya kulle ƙofar, wani ƙaramin sifirin kuma ya turo ta waje. A bayanta ne ainihin murfin tanki yake, mai roba a bakinsa.

A hunturun 2024 ƙura ta cushe wurin, wayar ta yi tauri. Maimakon in nemi bakanike, sai na shiga ɓanɓare ƙofar da makulli duk lokacin da na je gidan mai. Ran nan kuwa ƙarfen da ke riƙe da ita ya karye, ta yi ta reto. Na samo robar tsohon tub na ɗaure. Uwargida ta yi magana har ta gaji. Kullum amsata ɗaya ce, "Bari a yi albashi."

Wata Juma'a muka tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu gaishe da surukata, tafiyar da ba ta wuce awa guda ba. Na sha lita 20. Kun dai san yadda fetur ya zama tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023: litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Ga malamin makaranta, lita 20 ba abin wasa ba ne. Muka kwana, motar tana ƙofar gida. Da safe na kunna, sai na ga allurar mai ta kwanta. Robar tana ƙasa, murfin ciki a kwance, wurin yana ta warin fetur. Wani ya zura tiyo da dare ya yi aikinsa. Ban zargi kowa ba, gama ni na bar masa ƙofa a buɗe.

Na sayi lita 4 wurin 'yan bumburutu, na nufi wata rumfar masu walda da ɓacin rai. 'Yata ƙarama tana kujerar baya tana cin gyaɗa. Na tarar da wani saurayi, na ce masa, "Kai yaro, ɗan ɗiga mini walda a nan, sauri nake yi."

Ya duƙa, ya shinshina, ya miƙe. "Malam, ba zan sa wuta a nan ba."

Na ce ai tankin kusan babu kome a ciki. Ya ce, "Shi ya fi haɗari, Malam. Ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska. Tankin da ya yi ƙasa cike yake da tururi." Ni da na yi shekara 18 ina koyarwa, har da kimiyya a aji shida, na san wannan sarai. Amma fushi ya rufe mini ido. Na faɗa masa maganar da nake jin kunyar rubutawa, cewa yaran zamani ba su son aiki sai neman dalili.

Bai amsa ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya ce wa 'yata ta fito ta zauna a benci can ƙarƙashin dalbejiya. Sai a lokacin na lura, ashe kujerar da take zaune a bisa tankin take. Jikina ya yi sanyi.

Ya kwance noti biyu, ya cire ƙofar ɗungum, ya rufe murfin ciki sosai, ya tafi da ita can bayan rumfa, nesa da mota, ya yi waldarsa. Ya tsoma ta a ruwa ta huce kafin ya dawo. Ya wanke ɗan ƙarfen kulle da kananzir, ya shafa masa giris kaɗan, ya ce in an cika shi ƙura zai riƙa kamawa. Ya ɗan lanƙwasa sifirin da filaya. Ya kuma nuna mini robar murfin ciki, duk ta tsattsage, ya ce ta nan mai ke hucewa da rana, ƙura da ruwan damina kuma su shiga. Wannan kam sai an sayi sabo. Duka aikin bai kai minti 40 ba.

Da na ciro kuɗi sai ya yi murmushi, ya ce, "Malam bai gane ni ba." Ya faɗi sunan mahaifinsa da shekarar da ya zauna a ajina. Na tuna shi. Yaron da ke zama a layin ƙarshe ne, wanda na taɓa rubuta wa a katin sakamako cewa ba ya mai da hankali. Na roƙe shi gafara a kan maganar ɗazu, a gaban maigidansa da sauran yaran rumfa, domin a gabansu na yi ta. Ya sunkuyar da kai ya ce ba kome. Kuɗin kuwa muka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe na ba maigidansa, na ce na gas ne.

Da muka shigo Birnin Kebbi na tsaya gidan mai da 'yan canjin da suka rage. Na ja maɗauki, ƙofar ta buɗe da kanta, ɓas. Uwargida ta dube ni ta gefen ido, ta ce, "To Malam, saura ƙofar ɗakin girki."