Dabinon da ya buɗe bakin 'ya'yanmu

Mu da muka koyar da Turanci a makarantun Umdurman da Khartum, muna kuma cikin jikokin mahajjatan da suka yada zango a bakin Nilu, mun daɗe muna aikata wani kuskure muna ɗaukarsa gwaninta. Ɗan Bahaushe yana zuwa mana da harshe biyu, Hausar gida da Larabcin unguwa, mu kuwa sai mu umarce shi ya ajiye su a ƙofar aji kamar takalmi. Larabci kan samu ya saci hanya ya shigo. Hausa ba ta ko gwadawa, domin yaran sun san dariyar da ke biyo bayan kalmar "Fallata".

Gajeren labari ne ya tona mana asiri. Wata rana muka kawo wa 'yan sakandare labarin Ɗayyib Salih mai suna Hafnatu Tamr, wato cikin tafi ɗaya na dabino, a fassarar Turanci ta Denys Johnson-Davies wadda ta fito a 1968. Labarin wani yaro ne mai ƙaunar kakansa. Ranar girbin dabino ya ga kakan da sauran masu bin bashi sun rabe amfanin gonar maƙwabcinsu Mas'ud, ba su bar masa komai ba. Yaron ya ruga bakin kogi, ya sa yatsa a maƙogwaro, ya amayar da dabinon da ya ci.

Muka yi tambayoyinmu na kullum, aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya ta sunkuya ta raɗa wa ƙawarta da Hausa: "Ashe kakan ma azzalumi ne?" Da mun bi al'adarmu, tsawa za ta sha. A ranar muka ce, "'Yata, ɗaga murya, ki ba mu shi tun daga farko." Ta miƙe a tsorace, ta ce, "Malam, da Hausa?" Da ta kama, sai ga salon tatsuniyar tsakar gida, har da sauya murya ga kowane mutum. Waɗanda ba sa jin Hausa suka matsa a fassara musu. Kafin a tashi, ita da kanta ta rubuta jimloli biyar na Turanci a allo, domin yanzu tana da abin faɗa.

Ɗayyib Salih, wanda aka binne a nan Umdurman a 2009, da Larabci ya rubuta labarin. Wani ne ya haye da shi zuwa Turanci, bai kuwa rasa ɗanɗanonsa ba. Me zai hana ɗanmu ya bi ta Hausa ya isa inda za shi?

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya rufe makarantu, ya warwatsa ɗalibanmu. Wasu sun koma wurin dangi a Mai Wurno, wasu Gadarif, wasu Kasala. Yanzu ne gajeren labari ya fi amfani: 'yan shafuka ne, zama ɗaya ya ishe shi, ko a gindin bishiya.

Saboda haka muke roƙon iyaye da malamanmu: duk labarin da yaro ya karanta da Turanci, a zaunar da shi bayan isha'i ya maimaita wa kakarsa da Hausa. In kaka ta gane har ta yi masa gardama, to yaron ya fahimci karatunsa.