Wasiƙa Zuwa Ga Uwata Da Ke Karatu A Ingila

Uwata,

Daren jiya na daɗe ban runtsa ba saboda tambayarki a waya. Malaminku ya ce al'umma na iya zama ɗaya alhali 'ya'yanta sun watsu a duniya, ke kuma Bahaushiya, haifaffiyar Sabon Ibadan, to 'yar ina ce ke?

Wani ɓangare na wannan darasi daga unguwarmu aka ɗauko shi. A 1962 zuwa 1963 wani masani haifaffen Bagadaza, Abner Cohen, ya yi bincike a Sabo tsakanin 'yan shanu da 'yan goro, littafinsa ya fito a 1969. Ya ga yadda falke ke kawo garke daga Arewa ya sauka wurin mai gida, dillali ya sayar wa mahauta Yarbawa bashi, ba takarda ba sa hannu, mai gida ya tsaya wa kuɗin. Ya nuna cewa harshe ɗaya da Sarkin Sabo da ɗarikar Tijjaniyya su suka tsare wannan amana. Kakanki a cikin 'yan goron yake. Har yau ina ganinsa da asuba ya kwance huhu, yana tsince goron da ya fara lalacewa, yana sake ganye, domin kayan na wani ne da ke Kano wanda sai ya shekara bai gan shi ba.

Wasu masanan sun biyo baya. Benedict Anderson ya rubuta a 1983 cewa mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba ne ke ƙulla ƙasa a zuci, ta hanyar jarida da harshe. A 1991 Khachig Tölölyan, ɗan asalin Armeniya, ya kafa mujalla sukutum kan al'ummomin da ke zaune a ƙetare. A 1994 wasu mata uku masana suka yi littafi da ya taɓo 'yan Haiti mazauna New York, waɗanda Shugaba Aristide ya kira jiha ta goma, lokacin ƙasar tana da tara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gargaɗin Anderson kan mai kishin ƙasa daga nesa, wanda ke zuga rigima a gida yana can kwance, hayaƙin ba zai kai masa ba. Na ga irinsu a Facebook, kuma wallahi ba na son ki zama haka. Kafin ki rubuta komai game da gida, ki tuna da wanda zai kwana a cikin abin da kika rubuta.

Ki nemi littafin Cohen a laburarenku, ki karanta inda ya yi maganar masu gida, sannan ki kira ni in ba ki labarin kakanki. Innarki tana gaishe ki, ta ce yajin daddawa na nan tafe. Allah ya yi miki albarka.

Babanki.