Safara da Safari: Hanyar Zanzibar daga Faskari

Kalmar "safar" ta Larabci ta bar 'ya'ya biyu a Afirka, kowace ta kama gabanta. A bakin masu Swahili ta zama "safari", har duniya ta are ta tana nufin yawon buɗe ido da ita. A bakin Bahaushe ta zama "safara", wato jigilar kaya daga gari zuwa gari don neman riba, a yau ma an fi jin ta a labaran rediyo manne da makamai ko miyagun ƙwayoyi. Wani malamin sakandare ɗan Faskari, mai sha'awar nazarin kalmomin aro, ya auna tazarar da ke tsakanin ma'anonin biyu da ƙafarsa, lokacin da ya tara kuɗin masarar damina biyu ya ƙudura zuwa Zanzibar hutu.

Shingen farko a tsakar gida yake. Da ya nemi iznin mahaifiyarsa, sai ta ce, "Karatu za ka, ko sari?" Ya ce, "Inna, ganin gari kawai zan yi." Ta yi shiru, domin tafiyar da ta sani tana da suna: fatauci, ci-rani, almajiranci, zumunci ko aikin Hajji. Sai da ya ambata mata cewa can ake noman kanumfari, sannan ta sa albarka, ta kuma yi sautu. Da sautun nan tafiyar ta sami gurbi a lissafinta.

Takardu suka biyo baya. Ɗan Nijeriya sai ya nemi bizar Tanzaniya tun daga gida ya jira amincewa, ya kuma riƙe katin rigakafin shawara. Tun daga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshora ta dala 44. Duk wannan ta intanet ake yi, abin da ba ƙarami ba ne ga mutumin da ya ga yadda aka katse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a Satumban 2021, aka shafe watanni sai an je wani gari kafin a kira ɗan'uwa.

Zangon da ya fi ɗaukar masa tunani shi ne mafi gajarta: daga ƙofar gida zuwa Funtuwa. Tun bayan harin Kadisau a Yunin 2020 da sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar shekarar, matafiyin yankin ya koyi wani ilmi da ba a rubuta ba. Ba a sammako, ba a yin dare, ba a shelar ranar tashi, kuma sai an tambayi direban da ya fito ko hanya lafiya. Daga Funtuwa ya bi ta Malumfashi da Gwarzo ya shiga Kano. A filin jirgin Malam Aminu Kano ya hau jirgin Habasha, ya sauya a Adis Ababa, ya sauka a filin Abeid Amani Karume da ke tsibirin Unguja. Mai son ganin teku da kyau kan sauka a Darussalam ya ƙarasa da jirgin ruwa cikin kimanin awa biyu.

Zirga-zirga a tsibirin ba ta zame masa baƙuwa ba. Tsohon birnin, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2000, lunguna ne da mota ba ta shiga, sai ƙafa, kamar cikin ganuwar Kano. Kusa da kasuwar Darajani ake hawa "dala-dala", motar haya wadda ba ta tashi sai ta cika, a kwaso buhu da kaji da fasinja gaba ɗaya. Da ita ya je Nungwi a ƙuryar arewa, tafiyar kimanin kilomita 60, ya kuma je Paje a gabas, inda teku ke janyewa nesa mata su shiga noman ciyawar ruwa. Wajen ciniki Larabci ya yi masa rana: "ishirini", "hamsini" da "sitini" ba su buƙatar tafinta ga mai ashirin da hamsin da sittin, haka "habari" da labari, "karafuu" da kanumfari. Amma kamannin kalma tarko ne. "Saa" 'yar'uwar sa'a ce, sai dai masu Swahili daga fitowar rana suke fara ƙidaya, don haka "saa moja" ƙarfe bakwai ne na safe. Baƙon da ya fassara ta da ƙarfe ɗaya zai tarar mota ta daɗe da tafiya.

Abin da ya fi tsaya masa a rai bai shafi rairayi ko shuɗin ruwa ba. Bayan isha'i ya ga iyali sun fito dandalin Forodhani da yaransu, ya ga motar haya tana lodin ƙauye da duhu, babu mai tambayar ko hanya lafiya. A nan ya fahimci cewa ma'anar kalma tana bin halin hanya. Zanzibar ma ta san mummunar safara, domin kasuwar bayinta ta ci har 1873, amma tafiya ba ta zama nishaɗi a ko'ina sai matafiyi ya tabbata zai koma gida. Mai nazarin sauyin ma'ana a Hausar yau yana da aiki a tashoshin motar kudancin Katsina, inda "a sauka lafiya" ta tashi daga gaisuwar al'ada ta koma addu'ar gaske.

Ranar dawowa jirgi ya sauke shi a Kano da sauran rana. Ya lissafa sa'o'in da suka rage kafin magariba, ya nemi masauki ya kwana, domin Faskari da hantsi ake shigarta.