Jirgin shugaban ƙasa da motar asibitinmu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai dare.

Shekaranjiya da la'asar jirage masu saukar ungulu guda biyu suka ratsa ta samanmu a nan Kausani, ƙasa-ƙasa, har kwanon ɗaki yana amsawa. Yara suka watsar da alluna suka fito suna ɗaga hannu. Mu mutanen Wudil mun ɗan saba da wannan, tunda Makarantar 'Yan Sanda tana kusa, kuma in za a yaye ɗalibai manya ne ke zuwa. Muna zaune a majalisa bakin masallaci, sai wani ya ɗaga kai ya ce, "Ga kuɗinmu can suna tashi sama." Aka yi dariya. Daga nan hira ta zarce kan jirgin shugaban ƙasa, kowa yana zuba nasa.

Kawuna yana wurin, ƙanin mahaifiyata. Shekara talatin da wani abu ya yi a sojan sama yana gyaran jirage, Kaduna da Makurdi, yanzu ya dawo gida yana noma da kiwon tumaki. Ba shi da yawan magana, amma ranar sai da ya gyara zama.

Bari in fara da abin da wasu ba su sani ba. Shugaban Najeriya ba jirgi ɗaya gare shi ba, garke ne guda, manya da ƙanana da masu saukar ungulu, suna ajiye a ɓangaren shugaban ƙasa na filin jirgin Abuja. Hafsoshin sojan sama ne ke riƙe da su, kuma wanda shugaban ya hau shi ake kira NAF 001. Su ne ke ɗaukar mataimakinsa, wani lokaci har a aika su ɗauko baƙin shugabanni na ƙasashen maƙwabta. Babban cikinsu na tsawon shekaru Boeing 737 ne da aka saya a 2005 zamanin Obasanjo, kan kusan dala miliyan 43. Shi ya ɗauki 'Yar'aduwa, ya ɗauki Jonathan, ya ɗauki Buhari. A watan Agustan 2024 aka kawo Airbus A330 ya gaje shi, ranar 19 ga wata Tinubu ya hau shi karon farko zuwa Faransa.

Kawu ya ce, "Ku yara kuna magana kamar jirgi Golf ce. Mota in ta lalace ka gangara gefen titi ka kira makanike. Sama babu gefen titi."

Ya tuna mana daren 17 ga Janairu 1996. Lokacin ina firamare, abin da kawai na riƙe shi ne manya sun kewaye rediyo da safe. Ƙaramin jirgin fadar shugaban ƙasa ne ya faɗi dab da sauka a Kano, mutum 14 suka rasu, har da Ibrahim, babban ɗan Janar Abacha. Ya tuna mana 21 ga Mayu 2021, da jirgin sojan sama ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna da Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Janar Ibrahim Attahiru, da mutum goma. Ya ce mutane suna riƙe sunan babban da ke ciki, su manta da matuƙa da ma'aikatan jirgin, yara matasa masu ƙananan 'ya'ya. Allah ya ji ƙansu baki ɗaya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da ya yi na yadda ake kula da jirgi. Ya ce kowane jirgi yana da littafinsa. Kowane ƙarfe a jikinsa yana da adadin awannin tashi ko adadin saukar da aka yanka masa, in ya cika sai a cire shi, ko da kuwa yana ƙyalli kamar jiya aka saya. Taya, birki, famfon mai, injin kansa. Wanda ya ɗaura noti zai rubuta sunansa ya sa hannu, na sama da shi ya zo ya duba shi ma ya sa hannu, kafin matuƙi ya karɓa. In wani abu ya faru, littafin za a buɗe a ga hannun wa ke wurin. Ya ce akwai daren da ya kasa barci don ya yi kokwanton ko ya ƙulle wani noti da waya, ya tashi ƙarfe uku ya koma ya duba. Ya ƙulle ɗin. Kuma ya ce jirgi in ya tsufa, gyaran nan yawa yake ƙarawa, kayan gyaran da dala ake saye, babban gyara kuwa sai an kai shi Turai ya yi watanni.

To ni a nan na sallama. Wallahi ba na cikin masu cewa shugaban ƙasa ya bi layi ya hau jirgin haya, ko a bar shi cikin tsohon jirgi in ya faɗo shi ya sani. Wannan maganar zafin rai ce. A watan Afrilun 2024 sai da Tinubu ya yi shatar jirgi daga Holan zuwa Saudiyya don nasa ya samu matsala. A watan Mayu Kashim Shettima ya fasa zuwa wani taro a Amurka saboda matsalar jirgi. A watan nan ne shugaban Iran, Ebrahim Raisi, ya rasu a jirgi mai saukar ungulu, ba a rufa wata ba mataimakin shugaban Malawi, Saulos Chilima, ya bi shi a jirgin soja. Ƙasa irin tamu da ko rashin lafiyar shugaba sai ta girgiza ta, kun dai tuna 2010, ba na fatan mu wayi gari da irin wannan labarin, ko wane ne a kan kujerar, ko na zaɓe shi ko ban zaɓe shi ba.

Inda muka rabu da Kawu daban ne. Na ce, "Kawu, ku da kuka ce komai na jirgi sai an sa hannu, wa ya sa hannu a sayen wannan, kuma nawa aka saya?"

Ku tuna lokacin fa. Ranar 1 ga Agustan 2024 aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, Kano ta hargitse har aka sa dokar hana fita ta awa 24, aka kama yara, aka rasa rayuka. Mafi ƙarancin albashi bai daɗe da komawa naira 70,000 ba, kuɗin da a lokacin ba ya sayen buhun shinkafa. Ba a yi sati uku ba jirgi ya sauka a Abuja. Da yawanmu ma ba mu san an saya ba sai da wata kotu a Faransa ta ba da umarnin a riƙe shi tare da wasu jiragen fadar guda biyu, saboda rigimar wani kamfanin ƙasar Sin da gwamnatin jihar Ogun. Kamfanin ne daga baya ya ce ya saki wannan ɗin don shugaban ya samu yin tafiya. Abin kunya har ina. Jaridu suka ce kuɗinsa ya haura dala miliyan 100. Mai magana da yawun fadar ya ce an same shi ƙasa da farashin kasuwa, amma bai faɗi nawa ba. Kuma "sabon" jirgin nan shi ma ya kai shekara 15 a duniya, wanda aka ajiye yana da 19.

Ko akuya ka aiki yaro ya sayo maka a kasuwar Wudil ranar Juma'a, in ya dawo ya ce "na samo da araha" ai sai ka ce nawa.

Kuma kada wani ya shigo mini da siyasa a ƙasan rubutun nan, don abin ba na jam'iyya ɗaya ba ne. Buhari ya zo da alkawarin rage jiragen, a 2016 ya miƙa wa sojan sama masu saukar ungulu biyu, aka sa wasu biyu a kasuwa, amma garken bai watse ba, kuma a Janairun 2020 muna kallo jirgin fadar ya kai 'yarsa Bauchi ɗaukar hoto. 'Yan uwanmu na Nijar ma sun sha wannan cacar bakin a 2014 da Mahamadou Issoufou ya sayo nasa. Kowa in yana waje jirgin almubazzaranci ne, in ya shiga ya zama larura.

Kawu bai musa ba. Ya ce shi makanike ne, littafin gyara ya sani, littafin kuɗi na wasu ne.

Abin da ya sa maganar ta ƙi barina in yi barci shi ne wannan. Bara da damina naƙuda ta zo wa matar ƙanena da tsakar dare, ta zo da gardama. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti a yankinmu, ba zan faɗi sunansa ba, don ma'aikaciyar da muka tarar ta yi iya ƙoƙarinta da fitilar waya. Ta ce jini ya yi yawa, a wuce da ita gaba yanzu-yanzu. Ga motar ɗaukar marasa lafiya nan a harabar, fara, da rubutu a jikinta, an ɗora gefe guda kan bulo, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Sai da muka buga ƙofa uku kafin mu samu mai mota, shi kuma babu mai a tankinsa, aka tashi mai bumburutu. A kujerar baya ta kwanta, kanta a cinyar mahaifiyarmu, ruwa yana zuba ta gilashin da ba ya rufuwa. Ita Allah ya tashi kafaɗunta. Jaririn da safe muka kai shi makwancinsa, ko suna bai samu ba.

Ba na cewa da motar tana tashi da ya rayu, rai na Allah ne. Amma tun ranar nake tambayar kaina, motar nan tana da littafi? Ranar da batirinta ya mutu wa aka gaya wa? Wa ya ga an cire tayar farko ya yi shiru? Jirgin shugaba ya yi tari sau biyu, kwamitin majalisa ya zauna ya ce a sayo wani, cikin 'yan watanni ya iso. Kuma wanda kullum ta sama yake wucewa, bulon da ke ƙarƙashin motarmu ba ya hanguwa daga can.

Na faɗi wannan a majalisar, wuri ya yi tsit. Kawu bai ce komai ba har aka kira magariba.

Jiya da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana da tsohuwar jakar sifanunsa, ya ce, "Taso ka kai ni in ga motar nan." Muka hau babur muka je. Ya nemi izini, ya buɗe gaban motar, ya shiga ƙarƙashinta da shekarunsa, ya fito duk kashin kaji a riga. Ya ce injin lafiyarsa ƙalau. Batir take so, da taya biyu, da famfon mai, sai a zubar da tsohon baƙin mai a sa sabo. Ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya a takarda, ya sa kwanan wata, ya sa hannu a ƙasa kamar yadda ya saba. Mutum shida a majalisarmu sun ce za su kawo abin da ya sawwaƙa.

Sai dai ma'aikatan sun ce ba su da ikon barin kowa ya taɓa motar gwamnati sai da takardar amincewa daga sama, kuma gaskiyarsu ne. Mun kai takardar jiya da azahar. An ce mai sa hannun ya yi tafiya. Ranar Litinin za mu koma, duk wanda yake kusa kuma yake da hali ya zo mu tafi tare, ƙarfe tara a bakin masallaci.